Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Da asuba, kafin motocin albasa su tashi,
nakan buɗe ɗakin gwaji da makullin da ke wuyana.
Ɓeraye arba'in, farare tas kamar sawun auduga,
kowanne da lamba a kunne.

Na ɗaga na goma sha bakwai.
Wutsiyarsa ta saki, kamar igiyar guga da ta sha ruwa.
Na rubuta ɗaya.
Shekaranjiya sifili ne.
Ran da ƙafafun baya suka fara jan ƙasa, uku zan rubuta.

Dakta Shamaki ya ce ɓarawon na gida ne:
masu gadin jiki ne suka rikice,
suna ɓare rigar jijiya ɓawo bayan ɓawo
yadda muke yi wa albasa,
sai saƙo ya taso daga kai ya ɓace a hanya.

Aliero garin ɗori ne.
Daga Jega, daga Kamba, har daga hayin iyaka
ana kawo karaya a kwance, a koma da ita a tsaye.
Amma da muka kai Yaya Tumba,
tsohon ya laluba daga gwiwa har idon sawu,
ya daɗe shiru, ya ce,
"Ba abin da ya karye. Me zan ɗora?"

Kwalabe biyu aka ba ni, mai jan murfi da mai shuɗi.
Ɗaya maganin kumburi, ɗaya ruwan gishiri zalla.
An ɓoye mini wace ce wace
don kada son zuciya ya riƙe mini alƙalami.
Gaskiyarsu.
Da na sani, da na ga sauƙi inda babu.

Na jiƙa masa abinci, na ajiye ƙasa-ƙasa.
Kwana talatin aka ɗiba musu.
Ban faɗa musu ba.
Ina dai yin bisimilla kafin kowace allura,
in ce, ku yafe mini.

Dakta ya ce tsakanin ɓera da mutum
tafiya ce mai nisa, ayari da yawa sun watse a cikinta.

Da magariba Yaya ta karɓi moɗa da hannu biyu,
rabin ruwan ya zube a zaninta.
Ta yi dariya, ta ce, "Ina labarin mutanenki?"
Na ce, na ashirin da biyu ya ɗaga wutsiya yau.
Ban san kwalbarsa ba.

Ta ce, "To, ki gaishe shi."