Ba Mutuwa Take Yi Ba

Sai an zo kwanar ƙarshe take yi mini haka.
Motata na gaba, ruwa na zuba a allo,
fanka na gurnani kamar injin markaɗen Iya Talatu,
sai ɗif.
Ɗaki ya yi tsit har ina jin kwaɗin lambatu.
Fuskata ce kaɗai ta rage a baƙin gilashi,
baki buɗe.

Nefa na fara zargi, wa zai ƙi zarginsu?
Amma ga ƙwan ɗaki na ci, firjin Umma na ta ƙugi.
Na zargi soket, na canza.
Na zargi ƙanena Sagiru da kwashe-kwashensa na filas,
ya rantse har da hawaye.
In rubutu ne, sai ta kwana a kunne.
Kallo ma ba ta musu.
Kaya mai nauyi ne ba ta so.

Shekararta tara a hannuna.
Nawa ta yi a wani gari kafin ta hau jirgin ruwa,
wannan sai Allah.

Ran Asabar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na kwance noti huɗu, na zuba a murfin kwano.
Cikinta saƙar gizo, gashin kyanwar maƙwabta,
da wata tsaka da ta bushe ƙayau a gindin fanka.
Na hure, na bi da tsohon burushin haƙori.
Man kan ƙwaƙwalwarta ya tsattsage kamar faso,
na goge, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake.
Na kunna.
Minti ashirin ina yi wa kaina kirari.
Ɗif.

Na naɗe ta a zanen Umma,
na hau keke daga Unguwar Dosa
rungume da ita kamar mai kai yaro asibiti.
Ishaya, a lungun bayan babbar kasuwa,
ko kallon katin hoto bai yi ba.
Akwatin wuta ya zaro, ya shinshina,
ya nuna mini da tsinin sukundireba:
kafasito uku sun kumbura kamar ƙosai a mai.

"Zuciyar ce ta gaji," in ji shi.
"Ƙaramin aiki tana iyawa.
In ka ce kawo duka, ta duba ta ga babu,
sai ta ɗauke don kada gidan ya ƙone.
Ba mutuwa take yi ba. Hankali ne."

Sabo, dubu arba'in.
Na taɓa aljihu, ya gane, ya yi dariya,
ya ba ni na hannu, ya ce in bi ta a sannu.

Ina sauka a bakin layi na hango Baba.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙar Kakuri
yana ɗaukar dilar yadi shi kaɗai.
Yau rabin buhun masara ne,
daga ƙofa zuwa zaure,
ya ajiye a tsakiya, ya zauna kan dakali,
hannu a ƙirji.
"Iska nake sha," ya ce, tun ban tambaya ba.
Sau nawa na ji wannan na wuce?

Na ajiye kwamfuta a ƙasa, cikin laima.
Na ɗauki buhun.
Shi ba a sayar da nasa a bayan kasuwa.

Bayan isha na shiga saiti,
na kashe inuwa, na kashe ruwan sama,
bishiyoyin gefen titi suka koma kamar zanen ɗan firamare.
Fanka na numfashi a hankali.
Ta bango ina jin rediyon Baba.

Motar ta kai.
Ta huɗu na zo.