Ruwan da Ba a Sha

Ina tankaɗen garin tuwo wayar ta yi ƙara.
Hannuna duk fari, na ce Sagiru ya ɗaga.
Sai ga fuskar Bara'atu ta cika gilashin,
iska na kaɗa mayafinta kamar tuta,
bayanta babu gida, babu bishiya, babu kowa,
sai ruwa.

"Umma, kin ga inda muke?"
Na ce na gani, 'yar nan, riƙe ƙarfen nan da kyau.
Ta ce jirgin nasu ne su kaɗai, na awa biyu,
Munzali ne ya biya, da matuƙi, da mai kawo lemo,
fari fat, har da ɗaki a ƙasa, da madubi, da gado.
Na ce gado a kan teku?
Wa ke iya runtsawa?

Ni ruwan da na sani a duniya
kududdufin bayan gidanmu ne na Gwammaja, kafin a cike shi a yi shaguna,
sai Jakara mai tafe da leda da wari,
sai Tiga, sau ɗaya, ta tagar mota,
muna hanyar gaisuwa.

Ta juya wayar. Can nesa garin ya kwanta a bakin yashi,
fararen gidaje, itatuwan kwakwa sun sunkuya,
kwalekwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa.
Ta ce da farko jiri ya ɗebe ta, har ta yi amai,
matuƙin ya ba ta citta ta tauna.
Na yi dariya, sannan na yi shiru.
Yarinyar da ba ta iya tsallaka kwatar ƙofar gida,
sai ta tsaya ta ɗaga hannu biyu, sai na ɗauke ta,
yau ita ce a kan abin da ba shi da gindi
tana ta murmusawa.

Tun hantsi nake jiran Tanimu mai kura.
Famfonmu rabonsa da ɗigo tun kafin azumi,
jarka ta ƙara kuɗi, randa ta koma ganga, ka taɓa ta ta amsa.
Na ce to, tunda kin samu, ɗebo mana ko jarka biyu.
Ta ce, "Umma, gishiri ne fa.
Ba a sha. Ko sabulu ba ya kumfa."
Ikon Allah!
An tara shi wuri guda, iya ganin ido,
an kuma hana shi kashe ƙishirwa.

Malam ya shigo daga masallaci, bai ko cire hula ba,
ya leƙo ta kafaɗata ya daɗe yana kallo.
Bai tambayi kuɗin ba. Cewa ya yi,
"A tambaye ta, ina gabas a can,
tunda ɗakin nasu juyawa yake?"
Ta buɗe baki za ta amsa,
hoton ya daskare haka, haƙora a waje, ido a lumshe.
Sagiru ya ce data ce ta ƙare.
Na ce bar min ita a haka, ban gama gani ba tukunna,
kar ka yi saurin kashewa.

Sai da la'asar Tanimu ya yi sallama, gumi har gwiwa.
Na juye jarka uku a babban baho,
na kurɓa a tafin hannu. Garɗi, babu gishiri.
Farar moɗar roba ta suɓuce ta faɗa ciki,
ta yi lilo, ta daidaita, ta tsaya.
Tuwo na jira, wuta na ci,
ni kuwa na tsuguna, na sa ɗan yatsa na tura ta,
na raka ta da ido har ɗaya gefen,
ina jiran ta da dawowa.