Kwalabe Takwas

Nyanjura na jera kwalabe takwas a bakin taga
kafin zakaran maƙwabta ya gama cika baki.
Nas ɗin Nansio ce ta ce mata:
"Ki shanye su kafin rana ta faɗa tafki.
Jininki lauje ne,
in ya ji ƙishi, a ƙashinki zai yi girbi."

Wata bakwai ke nan.
Ciki ya tura zane gaba,
ido ya yi ruwan ɗorawa.
Ƙwayoyin ƙarin jini saura goma sha ɗaya a ƙullin leda,
ta ƙirga jiya, ta sake ƙirgawa yau,
kamar ƙirgar za ta sa su hayayyafa.

Gidan sauron da aka raba musu,
Mafwele ya so ya mayar da shi koma.
Ta zauna a kai ba ta ce uffan ba,
har ya ji kunya ya fita.

Daren Laraba iska ta taso daga ruwa,
sanyi ya sami ƙofa ta gwiwa,
ya hau baya, ya zauna a ƙirji.
Ta ciji bakin zane don kada ɗan cikin ya ji.

A asibiti firij na gurnani a kan leda ɗaya tak,
ita ma ba irin nata ba.
Jirgin Mwanza sai gari ya waye,
gari kuwa ya ƙi.

Mafwele ya tsaya a gaɓa yana kaɗa fitila.
Fitilun masunta suka tsinke daga duhu ɗaya bayan ɗaya,
suka zo da ƙarnin kifi a hannun riga.
An gwada mutum shida.
Wanda ya dace shi ne Magafu,
da suka shekara biyu ba sa gaisawa
a kan wani injin kwalekwale.
Ya miƙa hannu, ya juya fuska bango,
wai allura yake tsoro.

Da hantsi nas ta ɗora kunne a kan ƙahon ƙarfe,
ta daɗe,
sannan ta ɗaga yatsa tana buga iska da sauri-sauri.

"Ba za ki koma gida ba sai kin sauka.
Ga gado, ga taga."

Nyanjura ta dubi tagar, ta auna faɗinta da ido.
Ta ce wa mijinta: "Gobe ka taho min da kwalabena.
Ta takwas tana yoyo, ka riƙe ta a tsaye."