Yumɓun Chizuru

Shekara arba'in ina gasa kofunan shayi a Seto,
hannuna ya san yumɓu yadda harshe ya san haƙori.
'Yata Chizuru ta ƙi gadon tanderu, na ce to.
Sai ga ta daga Nagoya da ɗan faifai a aljihu,
fari fat, bai fi tsabar yen ɗari ba.
Ta ce, "Baba, shi ma gasa shi aka yi."

Na juya shi. Ba baki, ba gindi, ba ya riƙe ko ɗigon ruwa.
Na ce, tukunyar wa ke nan?

Ta ce a cikinsa akwai 'yan unguwanni,
kowace ta juya fuska inda ta ga dama,
har ranar da aka tsoma shi a mai mai zafi,
aka sakar masa lantarki mai ƙarfi,
suka juyo, suka fuskanci waje guda.
An zare waya, mai ya huce,
su kuwa ba su manta ba.

Tun daga nan, in ka danne shi sai ya amsa.
Ba da ƙara ba. Da wuta.

Dariya na yi.
Yumɓun da na sani, in ka matsa masa, fashewa yake.

Cikin ruwan Yuni ta kai ni gadar ƙafa ta bayan tasha.
Ɗari uku ta jera ƙarƙashin shimfiɗar roba.
'Yan makaranta suka wuce a guje,
mai tofu da kekensa,
wata tsohuwa da sanda, taku uku-uku.
Can ƙarshen gada, fitila kamar ƙwayar shinkafa
ta ƙifta, ta yi shiru, ta ƙifta.

Na ce, duk wahalar nan don wannan?
Ta ce, "Ba zai tafasa maka shayi ba.
Amma ya ishi na'urar da ke sauraron ƙarfen gada
ta gaya mana ran da ya soma gajiya."

Ta ce shi ma yana tsufa.
Taku ya yi yawa, amsarsa ta ragu;
zafi ya wuce kima, unguwannin su rikice,
kowace ta koma kallon gabanta.
Na dubi gwiwoyina, ban ce uffan ba.

Daren jiya na fita ni kaɗai, ba laima.
Kilo hamsin da takwas ne ni yanzu.
Na taka. Ta ƙifta.
Na koma baya, na sake takawa.

Ashe duk shekarun nan
nauyina kyauta nake bai wa ƙasa.