Samfurin Farko

Kamfani ya ce: tsohuwa mai tallar kifi,
tsawonta taƙi guda, nan da Juma'a.
Shigeno ta ja kujera gaban teburi,
jirgin ƙasa na girgiza tagogin Tateishi.

Yumɓu mai maiƙo ta fara taɓawa.
Akwai biyayya, ba ya bushewa,
amma duk yatsan da ya gitta sai ya bar sawu,
ka ɗan yi tari, hanci ya karkace.
Ta ture shi gefe.

Danƙo mai launi biyu fa?
A murza shuɗi da rawaya har su zama ɗaya,
awa uku kacal yake ba ka,
daga nan sai wuƙa da takardar yashi.
Malaminta kan kira shi abokin mai gaggawa.
Bara malamin ya rasu.

Ta lanƙwasa waya, ƙashin baya tukuna,
ta ɗan ranƙwafar da shi:
shekara arba'in ana ɗaukar kwando.
Jiki da danƙo. Fuska kuwa sai kaki,
shi kaɗai ke yarda
a zana masa tamoji da allura mai zafi,
a goge, a sake.

Sau bakwai tana goge bakin.
Na takwas ya fito da murmushin kakarta,
wanda babu shi a zanen kamfani.

Gobe za a raba ta gida biyar,
a zuba mata roba, a buga dubu goma.
A tafin ƙafar hagu
ga shatin babban yatsanta ya fito.
Ta gani sarai.
Ta kashe fitila, ba ta goge ba.