Jan Ɗigo

Shekara ashirin da uku ina gadin gonar Alhaja Sikiratu a bayan Epe,
rogo da masara, da ɗan kurmin ayaba har bakin ruwa.
Bindigata mai baki ɗaya ce. Takardarta na cikin leda,
ledar na cikin gwangwanin madara,
don ruwan Ikko ba ya sallama kafin ya shigo.

Bara ido ya fara yi mini rowa.
Ƙusar bakin bindiga, abar saitina tun ina saurayi,
ta zama biyu, ta zama hayaƙi.
Gyazbi ya ci rogo a gabana, ya share baki, ya tafi abinsa.

Haladu ɗana, mai gyaran waya a Ikeja, ya ce:
"Baba, akwai wani ɗan madubi da ake ɗaurawa.
Ka leƙa, ka ga jan ɗigo kamar ƙwayar garwashi.
Inda ya sauka, nan harsashi zai sauka."

Na farko shi ya sayo, a hannun wani yaro.
Kwali mai sheƙi, har da hoton damisa.
Harbi uku ya jure. A na huɗu ɗigon ya yi ƙaura,
ya maƙale a kusurwa yana kallon sama.
Damina ta shige shi, ya yi gumi kamar gilashin danfo.
Ban yi wa Haladu faɗa ba.
Araha dai ba ta ado.

Na biyu da ƙafata na je.
Chibuzo mai shago haihuwar Funtuwa ne, Hausarsa ta fi ta jikokina.
Ya ɗauko wani mai kuɗin rago biyu a Alaba Rago.
Na ce, ɗan'uwa, ba giwa nake nema ba.
Ya yi dariya, ya jawo wani daga ƙasan kanta,
mummuna, gajere, kamar kwaɗo a tsugune,
amma jikinsa ƙarfe, ba roba mai fenti ba.

Na buga shi a tafin hannu sau bakwai. Ɗigo bai motsa ba.
Na ce a ba ni kofin ruwa.
Ya ce, "Baba, za ka kashe mini kaya!"
Na ce, in kofi ya kashe shi, ina ga watan Yuni?
Ya fito yana ɗiga, idonsa ja, garau.
Na fita da shi rana tsaka, ban rasa ɗigon ba.
Batirinsa kuwa irin na agogo ne,
ko a kasuwar Epe ba zan rasa ba.

Na taya, ya ce albarka. Na juya har bakin ƙofa.
Ya sallama, ya haɗa mini da takarda.

Wata tara ke nan. Iskar gishiri ta cinye kwanon ɗakina,
ta cinye kwaɗon ƙofa, shi ba ta taɓa shi ba.
Da tsohuwar hula nake goge shi.

Shekaranjiya da asuba rogo ya motsa.
Na ɗaga. Ɗigo ya sauka a kan wani baya mai duhu,
ya zauna daram, ko rawa babu.
Yatsa na kan kunama.
Ban san abin da ya riƙe ni ba, numfashi ɗaya ne kawai.
Bayan nan ya miƙe.
Ɗan masunta ne, bai kai goma ba, da saiwar rogo a hammata,
jan ɗigona a kan kafaɗarsa kamar ƙuda.

Na sauke. Gwiwa ta ƙi ɗaukata.

Chibuzo bai yi ƙarya ba, kayansa na da kyau.
Yana nuna maka inda.
Wane ne, wannan ba a sayar da shi a shago.

Na kashe ɗigon, na jingine bindiga a jikin ayaba.
Na tono wasu biyu manya, na ce yaro, zo ka ƙara.
Bai ji Hausa ba. Ya ga hannuna yana rawa, ya karɓa.