Ruwa Na Hawa Bene

A Recife teku ya gama cinye Boa Viagem,
sai benaye tsaye cikin ruwa kamar haƙoran tsoho.
Ɗaya suka wanke, suka shafa masa fenti ruwan hoda,
suka zuba yara goma sha biyu da kyamara ɗari uku.
Yayata Jussara tana hawa na bakwai.

Dokar wasan, ko ɗan yaye ya haddace ta:
wanda ya fi tara zuciya a allo, ya hau sama,
wanda ya zo ƙarshe, ya kwana a ƙasa,
inda teku ke shigowa da tara na dare
ba sallama.

Shekarunta sha bakwai, mabiyanta miliyan biyu.
Da zana gira ta fara, a banɗakinmu,
ni ke riƙe mata waya har hannuna ya yi tsami.
"Sauke kaɗan, Edvaldo, kada rufin kwanon ya fito."
Rufin bai taɓa fitowa ba.
Bashin Mama ma bai fito ba,
alhali shi ya sa hannu a takardar.

Yanzu aikina dannawa.
Wayoyi shida na aro a kan katifa,
babban yatsana har ya yi kanta.
Zuciya, zuciya, zuciya,
ja kamar barkono, ba ɗumi, ba bugu.

Ranar Talata su biyu suka rage a gindin allo:
ita da Cauã, ɗan Dona Neide mai dafa ƙaguwa a bakin gada,
wanda ya koya mini iyo a Capibaribe,
tafinsa ƙarƙashin bayana, yana cewa
ruwa ba ya cin wanda ya saki jiki.
Ta bango ina jin uwarsa, ita ma tana dannawa.
Waya ɗaya gare ta, gilashin a tsage.

Na kayar da ita da ƙuri'a ɗari huɗu da tara.

Ruwa na kai masa ƙirji aka sako talla:
man goge baki, sai takalmin gudu.
Da aka dawo, mai gabatarwa ya sauya baƙar kwat,
ga hawaye guda, a idon da ya fi kusa da kyamara.
Cauã bai yi ihu ba.
Rigingine ya kwanta a kan ruwan, ya saki jiki,
har hancinsa ya taɓa silin.
Mutum miliyan arba'in suka aiko fuskar kuka.
Kafin gari ya waye, rigarsa ta shiga kasuwa,
launi uku, har da ta yara.

Jussara ta hau na takwas.
Ta yi murmushin nan da na san banɗakin da aka ƙera shi,
ta ce, "Ina ƙaunarku, ku ne numfashina."
Wannan karon ba ƙarya ta yi ba.
Amma na ga tana murza kunnenta na hagu,
alamarmu tun muna ƙanana
in Baba ya dawo a buge: ɓuya.
Ni take nufi ko kanta, ban sani ba.

Da safe Dona Neide ta ƙwanƙwasa.
Na buɗe, na sunkuyar da kai, ina jiran tsinuwa.
Wayarta ta miƙo, cajin a cike.
"Bakwai sun fi shida," ta ce.
"Ranar Juma'a da wata 'yar Olinda za a haɗa ta."
Hannunta na ƙanshin tafarnuwa da manja,
kenan ta yi girki yau ma.

Na karɓa, na jera ta da sauran.
Ban tambayi sunan 'yar Olinda ba,
ko tana da ƙane, ko wayoyi nawa ya aro.
Na shafa wa yatsana man kwakwa,
na jona cajar farko.
Saura kwana biyu.